Bindigar da Ban Saka wa Sanda Ba

Ran nan muna shan shayi a shagon mamak, wato irin shagon shayin Indiyawa Musulmi, a unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur, ni da ɗaliban nan namu 'yan Kano, sai Sagir mai sayar da turare ta waya ya ce mini, "Baba Ilu, ai cinikin tsofaffin bindigogin nan ba shi da wata wahala. A turo maka hoto, ka saya, ka tura wa mai kuɗi hoton, shi ke nan." Sauran suka bushe da dariya. Ni ban yi ba, don abin da ya faɗa ɗin na taɓa yin sa sau ɗaya tak, kuma ban ji da daɗi ba. Na ce ya kife wayar a kan tebur ya saurara. Abin da na gaya musu a ranar shi nake rubutawa a nan, saboda waɗanda ba su zo shan shayin ba.

Ni a hannun Malam Audu Maƙeri na koyi sana'ar, a wani ƙauye kusa da Rano. Da gemuna na je masa, bayan na gwada tallan atamfa na kasa. Gyaran bindigogin mafarauta yake yi, amma abin da ya fi riƙe shi shi ne tsofaffi, irin adaka da masu ƙanƙara, waɗanda masu tara kayan tarihi suke nema ruwa a jallo. Shekara huɗu ina bin sa kasuwa-kasuwa. Ba a baje bindiga a kasuwar ƙauye kamar tumatir. Za ka je rumfar mai sayar da fartanya da lauje ka zauna, ku gaisa, ku taɓa hirar damina, can sai ka tambaya wane tsohon maharbi ne ya rasu a bana. Mai bindiga ba ya sayar da ita yana raye, magada ne suke sayarwa.

Ranar da na fara shan duka a sana'ar, wata dattijuwa ce ta kawo bindigar mijinta a naɗe a tabarma. Kyakkyawa ce, ƙotarta ta sha layu. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Iya, nawa?" Ban rufe baki ba Malam Audu ya zare sandar ɗurin da ke jikin bindigar ya tsula mini a bayan hannu, a gaban matar, a gaban kowa. Ya ce, "Wa ya gaya maka abin da ke cikinta?" Sai ya zura sandar ta baki har ta tsaya, ya kama daidai wurin da babban yatsa, ya zaro, ya gwada ta a jikin bututun ta waje. Ba ta kai ƙarshe ba, da sauran yatsa uku. A ɗure take tun kafin mijin ya kwanta ciwo, kuma a haka matar ta ɗoro ta a ka ta ratsa kasuwa da ita. Albarushi ba ya tsufa in bai sha ruwa ba. Daga ranar ban ƙara tambayar kuɗin bindiga ba sai na saka mata sanda.

Kayan aikinmu jaka ɗaya ta ɗauke su. Sanda, allura mai kauri, mayen ƙarfe, 'yar tocila, madubin masu gyaran agogo, da ɗan man gyaɗa a kwalba. Sauran aikin na hanci ne da kunne. Akwai masu ƙera sabuwa su binne ta a turken shanu wata shida, fitsari ya ci ta ta yi tsatsa, su zo su ce ta kakan kakansu ce. A hoto ba za ka taɓa ganewa ba, Sagir, ko wayarka ta fi ta kowa tsada. Amma ka kai ta hanci ka ji zarni, ka sa allura ka ga tsatsar tana ɓarewa jawur, alhali tsatsar shekara ɗari baƙa ce, ta kama ƙarfen kam. An ci ni haka sau biyu ina sabon shiga, kuma kowane karo mai sayarwar har rantsuwa ya yi mini.

Zuwana Kuala Lumpur ƙanena ne sila. Yana karatu a nan, na biyo shi da kayan fata ina sayar wa ɗalibai. Wata Lahadi a kasuwar 'yan gwanjo na ga wani dattijo ɗan ƙasa yana jujjuya 'yar igwa ta tagulla zai saya. Bakina ya ƙi shiru, na ce masa da guntun Turancina ya haska cikinta, sawun inji yana nan. Ya haska, ya ajiye ta, ya dube ni daga sama har ƙasa. Shi ne Pak Daud, mai shagon kayan tarihi a wani lungu kusa da Chow Kit. Shi ya nema mini takardar aiki, a bakinsa na koyi yarensu, kuma shekara goma sha ɗaya muka yi tare.

Ku sani, ƙasar nan ba ta wasa da bindiga. Ɗauri ne mai tsawo da bulala, wani laifin ma har rataya. Mu ba ma taɓa kowace iri sai matacciya, wato wadda aka narka dalma aka toshe cikinta, aka like 'yar kafar da wuta take shiga. Ita ma ɗin sai da lasisi. Lasisin na shagon Pak Daud ne, tun zamanin mahaifinsa ake sabunta shi, ba a taɓa samun ko ɗigon laifi a kansa ba. Ni baƙo ne, ba ni da ikon riƙe irinsa. A ƙarƙashin takardar nan nake cin abinci, a ƙarƙashinta nake zaune a ƙasar.

Da ita muke shiga baje kolin tsofaffin makamai, a manyan zauruka masu sanyi, tebur-tebur an shimfiɗa jan ƙyalle. A can za ka ga masu saye iri-iri. Akwai attajirin da zai zo da mutum uku a bayansa, bai san gaban bindiga daga bayanta ba, shi dai a ce tasa ta fi ta abokinsa tsufa. Akwai malamin makaranta mai ritaya da zai tsaya awa biyu yana shafa ƙota, ya san tarihinta fiye da kai, ya tafi bai sayi ko allura ba. Kuma kowannensu, da ya ɗauki bindiga sai ya ɗana ta, ya saita wani abu, ya ja kunama. Ban taɓa ganin namijin da ya riƙe ta bai yi haka ba.

Sauran kwanakin kuma muna hanya, kasuwannin ƙauye, muna zama a rumfar masu sayar da adduna irin zaman da na koya a Rano. Na tuna wani manomi a jihar Pahang da muka yi wa zuwa uku kafin ya fito da doguwar bindigar kakansa. A naɗe take a farin ƙyalle, tana ƙamshin turaren wuta, don su sukan yi wa makamin gado wanka da lemun tsami duk shekara. Sai da na wanke hannu ya yarda na taɓa, kuma ya gargaɗe ni kada in kuskura in tsallake ta. Na duba, na saka sanda, komai daidai, aka daidaita. Mun sa ta a mota ke nan sai mutumin ya zauna a bakin kwata yana share hawaye da hularsa. Pak Daud ya ce, "Ilyas, sauke masa abarsa." Kwana biyu muka yi a hanya, muka dawo da buhun ayaba kawai.

Sai korona ta zo. Aka rufe zauruka, aka rufe kasuwanni, aka kafa shingaye, ba ka ƙetare gari sai da takardar 'yan sanda. Shekara guda ba mu sayi ko ƙusa ba, sai goge ƙura. A azumi na biyu cikin annobar cutar ta kama Pak Daud, aka kai shi asibiti aka sa masa robar numfashi. Kafin magana ta gagare shi ya kira ni, yana faɗa yana hutawa. Ya ce, "Ilyas, shagon amana ne a hannunka."

Kwana biyar bayan nan wata mata ta turo hoto a wayar shago. Sunanta Puan Salmah, tana wani ƙauye bayan Gombak. Suna kwashe tsohon gidan surukinta, mahaifin mijinta da ya daɗe da rasuwa, sai suka sami pemuras a cikin rufi. Pemuras gajeruwar bindiga ce mai ƙanƙara, bakinta a buɗe kamar mazurari. Wannan bututunta na tagulla ne, an zana masa furanni tun daga baki har gindi. Duk zamana a ƙasar nan biyu kawai na taɓa gani irinta. Ta haɗo da hoton wata tsohuwar takarda mai hatimi, wadda ta nuna an taɓa toshe bindigar gidan. Ta ce akwai wani mai saye da zai zo jibi in mu ba ma so.

Na so Pak Daud ya fito ya tarar da ita a bango, ya san ban yi zaman banza ba. Gaskiyar magana kuma idona ne ya rufe. Na amsa mata nan take. Na kai hoton takardar ofishin 'yan sanda, aka ba ni izinin ɗauko matacciyar bindiga guda ɗaya, da sunan shagon Pak Daud, daga ƙauyen zuwa shago, a yini ɗaya.

Washegari da hantsi na isa gidan da motar shago. Ta ajiye ta a baranda, an naɗe da leda rufi uku an ɗaure da igiya, ita kuma tana can ɗaki tana magana ta taga, takunkumi biyu a fuskarta. Na tsuguna zan kwance. Ta ɗaga murya ta kira ni Pakcik, wato kawu. "Pakcik, don Allah kada ka buɗe a nan! Mahaifiyata tana ciki ba ta da lafiya. Maƙwabta kuma suna kallo, yanzu za su kira hukuma su ce na shigo da baƙo." Na waiga, ai kuwa labule yana motsi a gidan da ke kallonmu. A lokacin nan baƙar fata a ƙauye kowa gani yake cutar ce ta zo da ƙafarta. Jakar kayan aikina tana rataye a kafaɗata, minti biyu sun ishe ni. Na ce a raina ai ga takarda, in na je shago na duba a tsanake. Na ɗauka na kwantar da ita a ƙasa, a gidan gaba, na ja mota.

Wajen azahar na iso shingen da ke kan hanyar shiga gari, kafin Setapak. Layi ya yi tsawo, mota ta fi ashirin a gabana, an jera robobi dama da hagu, ba wurin juyawa. Rana ta take. Ina zaune sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Shekara talatin da ɗoriya ban taɓa tafiya da bindigar da ban san cikinta ba. Na sunkuya na yanke igiyar da 'yar wuƙa, na buɗe ledar a ƙasa inda ba mai gani, na zura sanda.

Ta tsaya da sauran yatsa uku. Wannan bai tayar mini da hankali ba, don dalmar toshi ma a nan take tsayar da sanda. Bambancin a kunne yake. Dalma in ka ƙwanƙwasa sai ta amsa ƙwas, sandar ta ɗan yi tsalle. Na ƙwanƙwasa. Luf, kamar na daki matashin kai. Tsumma ne. Na ɗauko allura na taɓa 'yar kafar wutar da aka ce an like. Ina! Ba liki ba ne, datti ne da gidan zanzaro. Allurar ta shige zuruf, ta fito baƙa, wasu 'yan ƙwayoyi suka biyo ta suka zubo cikin ɗan kaskon da ke ƙarƙashin ƙanƙarar. Da ba azumi ba da na ɗanɗana, amma hanci ma ya isa. Albarushi ne, busasshe, sai ka ce jiya aka ɗura.

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Takardar da ke aljihuna ta ce matacciya, ga shi ina ɗauke da rayayya a ɗure, ni baƙo, da sunan mutumin da yake kwance ba ya iya magana. Kuma da hannuna na ƙara ɓata lamarin, don kafar da datti ya toshe shekara da shekaru ni na buɗe ta.

Saura mota goma sha biyu. Ruwa ne maganin albarushi, amma ina azumi, ko kwalba ɗaya babu a motar. Na rarumo robar man goge hannu na korona har na buɗe, sai na tuna abin da ke cikinta wuta yake kamawa, na yar da ita. Na hure kaskon, wasu ƙwayoyin suka tashi, wasu suka maƙale a tsatsa. Na koma kan ƙanƙarar, don in na cire ta babu tartsatsi. Notin da ya riƙe ta ya zama abu ɗaya da ƙarfen. Na sa bakin wuƙa, ya karye. Na sa farce, ya tsage. Na bayana ya danna mini hon, na matsa. Saura bakwai. Na yi tunanin in buɗe ƙofa in tura ta cikin kwata, amma ga sojoji biyu suna zagaya layin suna leƙa motoci. Saura huɗu. Na mayar da ledar na rufe, na goge jinin yatsana a wando, na gyara takunkumi. A nan na yanke shawarar da nake jin kunyarta har yau: in yi shiru in miƙa takarda, in Allah ya rufa asiri in je shago in jiƙa ta a bokiti, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Wadda ta karɓi takarduna kofur ce, mace, ba ta girmi 'yata ta fari ba. Ta duba fasfo, ta duba izini, ta leƙa ta ga leda. Tana rubutawa a littafinta tana faɗin sunan bindigar a fili. Ta miƙo mini takarduna ta ce, "Boleh, babu laifi, Pakcik, wuce." Wallahi har na saka giya. Sai wani saje mai furfura da yake zaune a inuwar tanti ya ce, "Tsaya. Pemuras kika ce?" Ya taso, murna duk ta cika masa ido. "Kakana yana da ita. Rabona da ganin irinta tun ina yaro. Koma gefe ka fito da ita mu gani."

Na faka, na fito, na buɗe ledar a kan bonet, na juya bakin ya kalli daji. Na ce, "Ranka ya daɗe, tsohuwa ce sosai, a bar ta a kwance zai fi." Bai ma ji ni ba. Ya ɗauke ta, ya shafa furannin, ya ce masha Allah. Ya kira kofur ɗin, "Zo ki ga abin da kakanninki suka yi yaƙi da shi." Ta matso ta tsaya a gabansa, taku uku tsakaninsu. Ya sa babban yatsa ya ɗana ta. Na ji ƙarar ƙarfen, ƙas, ƙas, lafiya lau kamar da safe aka sa mata mai. Ya ɗora ta a kafaɗa yana dariya, faffaɗan bakin nan yana kallon ƙirjin yarinyar, ita ma tana dariya, ta ɗaga hannuwa wai ta miƙa wuya.

Tsakanin ɗana bindiga da jan kunama numfashi ɗaya ne, kuma a cikinsa na auna komai. Albarushin ya shekara arba'in ko fiye, ƙanƙarar ta dakushe, kaskon na hure shi. In aka ja sau goma, da wuya ta tashi ko sau ɗaya. In na yi shiru ta yi ƙyas kawai, ya miƙo mini abata in tafi. In na buɗe baki kuwa, na kai kaina kurkuku da ƙafata, na haɗa da lasisin Pak Daud. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Sai na ga yatsansa ya shiga wajen kunama.

Na kurma ihu da yarensu, "Kada ka ja! A ɗure take!" Na kai wa bakin bindigar duka ya kalli sama.

Ban ankara ba na ji ni a ƙasa, kumatuna a kan kwalta mai zafi, gwiwar soja a gadon bayana, ankwa a hannu. Ta gefen ido na ga sajen ya sandare da bindigar a sama, ya kasa sauke ta, ya kasa sakin ta. Daga kwancen nake gaya masa yadda zai yi: ya zare yatsa, ya cusa hankici tsakanin ƙanƙarar da ƙarfen, ya kwantar da ita a hankali bakinta ya kalli daji. Ya bi maganata ɗaya bayan ɗaya. Kofur ɗin kuwa a inda take tsaye a nan ta zauna a kan kwalta.

Kwana tara na yi a tsare. Tambaya ɗaya suke ta maimaita mini: yaushe ka sani? Na faɗi gaskiya, na ce a layi. Suka ce me ya hana ka gaya wa kofur tun farko? Na ce tsoro. 'Yan uwanmu na Chow Kit, Allah ya saka musu, su suka nemo mini lauya, su suke aiko mini da abin buɗa baki. Lauyan ya ce komai ya rataya a kan gwaji. Za a kai ta wurin masanin makamai. In ta ƙi tashi, tsohon ƙarfe ne, sai a ce kuskuren takarda ne. In ta tashi kuwa, a idon doka bindiga ce mai harsashi, kuma ba ni da izinin riƙe ta. Saboda haka na zauna ina addu'ar kada ta tashi, wato ina roƙon Allah ya sa ihun da na yi na banza ne.

A rana ta bakwai sajen ya zo da kansa, aka fito da ni wani ɗan ofis. Ya ajiye wani katako a kan tebur, kaurinsa ya kai yatsa biyu. Katakon ya huhhuje, ina hango hasken taga ta ramukan. Ya ce, "An ɗaure ta a jikin taya, aka ja da igiya daga nesa. Ja ɗaya." Guntayen ƙusoshi ne a ciki, da tsakuwa. Ashe surukin Puan Salmah ya ɗura ta ne saboda aladun daji masu shiga gonarsa, ya rasu bai harba ba. Takardar toshin kuwa ta wata bindigar ce daban, da aka ba wani ɗan uwansu tuntuni. Ita baiwar Allah ba ta sani ba, ta zo ta yi bayani tana kuka.

Na kalli katakon na ce shi ke nan, tawa ta ƙare. Sai ya zaro takarda daga aljihu ya karanta mini rahoton da ya miƙa. Bai rage komai ba. Ya rubuta cewa shi ya ɗauki bindigar bai bincika ba, shi ya ɗana ta, shi ya saita ƙaramar ma'aikaciyarsa da ita, kuma baƙon nan an riga an sallame shi, shi ya tona wa kansa asiri don ya hana a ja. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan kai ma zai ci ka." Ya ce, "Su cire mini igiyar muƙamin in sun ga dama. Na san uwar yarinyar nan. Da ka yi shiru, me zan je in ce mata?"

Bayan kwana biyu aka sake ni, ba a kai ni kotu ba. Aka riƙe bindigar. Amma izinin da na karɓa da sunan shago ne, kuma a kansa aka shigo da rayayya gari. Ba a yi wata guda ba wasiƙa ta zo: an soke lasisin, a miƙa duk abin da yake da bututu da kunama. Ni na tsaya aka kwashe, har da 'yar igwar da mahaifin Pak Daud ya buɗe shagon da ita. Bango ya rage ƙusoshi kawai.

Pak Daud ya fito daga asibiti bayan sallah, ya rame ya koma rabinsa. Na je gidansa a Titiwangsa. Ya sa aka kawo shayi, ya saurare ni tun daga hoto har zuwa katako, bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya ja numfashi da ƙyar. Sannan ya ce, "Abin da ka yi a shinge, Allah ya saka maka. Ni ma haka zan so ka yi. Ba shi nake tambaya ba. A barandar matar nan, ina jakarka take?"

Na ce, "A kafaɗata."

"Sandar tana ciki?"

"Tana ciki."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Shekara goma sha ɗaya, Ilyas, ban taɓa sake duba abin da ka ce ka duba ba."

Sai ya miƙo mini hannu. Na yi saurin kama shi da hannu biyu, na zaci ya yafe ne za mu gaisa, idona ya kawo ruwa. Ya bar ni na riƙe har na gaji, sannan ya zare a hankali, ya sake buɗe mini tafin.

Ya ce, "Makullin shagon."

Na ciro na ba shi.